Muhawara: Andromeda 'yar sarkin Habasha ce, don me aka zana ta fara?

Mai Alli: Jama'a, na sha kawo batun zane a wannan zaure ba wanda ya tanka, to ga abin da ya ɓata mini rai. Zanen Piero di Cosimo da ke gidan tarihi na Uffizi a Fulorans, wanda aka yi wajajen 1510 zuwa 1515, ya nuna jarumi Perseus yana ceton Andromeda daga dodon teku. A tatsuniyar Girkawa ita 'yar Cepheus ce, sarkin Habasha, amma aka zana ta fara sol kamar 'yar Italiya.

Ɗalibar Tarihi: Malam, ban yarda da "ceto" ba. A ruwayar Ovid, mawaƙin Romawa, Perseus bai zare takobi ba sai da iyayenta suka yi masa alkawarin aurenta, har suka ƙara masa da sarauta. Wannan ciniki ne.

Dattijon Zaure: Malama, yarinya tana ɗaure, dodo yana tahowa, wani ya kashe shi, ko an biya shi lada, ya cece ta. Likita ma yana karɓar kuɗi, kuma ba a fasa gode masa.

Ɗalibar Tarihi: Ranka ya daɗe, wa ya ɗaure ta? Uwarta Cassiopeia ce ta yi alfahari da kyau har Poseidon, abin bautar Girkawa mai mulkin teku, ya fusata, uban ya miƙa 'yarsa, sannan aka aurar da ita ba a tambaye ta ba. Kullum maza kuke karewa.

Masoyin Benis: Duk kun kama zanen da bai kai ba. Piero ya saka Perseus har sau uku a allo ɗaya, yana tashi sama, yana kan dodo, yana biki. Ku dubi na Titian, mai zane na birnin Benis, da ya yi wa Sarki Philip na Biyu na Sifen, wanda yake Landan yanzu, inda jarumin ya faɗo daga sama da kai.

Dattijon Zaure: Kai da ba ka taɓa ganin aibin masu zanen Benis ba, ka yi mana shiru.

Mai Alli: Jama'a, ni fa launin fatarta na tambaya.

Shugaban Zaure: An rufe muhawara. Abin da ya tabbata shi ne Perseus ya ceci Andromeda, kamar yadda Dattijo ya bayyana cikin hikima. Malama kuwa ta kawo ƙorafin mata inda ba muhallinsa ba. Batun Titian sai mako mai zuwa.