Wace kalma za mu ba "overflow" kafin gobe?

Malamin Lantarki, Yelwa: Salamu alaikum. Gobe da safe zan koya wa yara lissafin manyan lambobi a kan ƙaramin allon lantarkin nan, Arduino Uno, kuma na yi musu alkawarin da Hausa za mu yi. Ƙwaƙwalwar da ke ciki, ATmega328P, bit 8 (gurbi takwas na 0 ko 1) take ɗauka a tashi ɗaya, wato 0 zuwa 255. Ka ƙara 1 a kan 255, ya koma 0. Me zan kira wannan overflow ɗin? Sai kuma carry.

Mai Gyaran Inbata, Wunti: Tumbatsa. Magana ta ƙare.

'Yar Pantami: Ba ta ƙare ba, Yaya. Mudu in ya tumbatsa a cike yake zama, rarar ce ke zuba. Nan kuwa lambar sifili take komawa. Shi ya sa millis(), mai ƙidaya milisakan a Arduino, ke farawa daga farko bayan kusan kwana 50, in ya wuce 4,294,967,295.

Tsohon Mai Fassara: Kifewar-ƙidaya. Ni na ƙera ta, kuma babu kamarta. Sannan wa ya ba ku izinin rubuta "bit"? Hausa ta rasa kalma ne?

Mai Gyaran Inbata: Baba, Allah ya ƙara girma, wane yaro ne zai furta wannan yana riƙe da waya mai wuta?

Tsohon Mai Fassara: Haka kuke, ku 'yan Bauchi. A Kano da tuni an karɓa.

Mai Gyaran Inbata: To a kai musu can.

'Yar Pantami: Ku bar Kano ta huta. Malam, carry ba wuya: "rubuta 2, riƙe 1" na firamare. Ka ce riƙo. Aikin ma ke nan in kompaila, mai juya shirinka zuwa yaren na'ura, ba ta san lamba mai bit 64 ba, kamar wasu tsofaffin na ƙwaƙwalwar 8051: ka yanka lambar bit takwas-takwas, ka tara na ƙasa, riƙon ya hau na gaba. A AVR, dangin ATmega328P, umarnin ADD (tara) ne farko, sauran duk ADC (tara da riƙo).

Malamin Lantarki: Riƙo ya zauna, Malama. Ɗayar zan ce tumbatsa, in ƙara da cewa tana komawa sifili.

Tsohon Mai Fassara: Riƙo ba laifi. Tumbatsa kuwa ban sa hannu ba. Ka dai rubuta tawa a gefen allo.