Shin farobskait zai iya maye gurbin darma wajen tare hasken eksire?

Ɗalibi daga Agege: Assalamu alaikum, malamai. Ina koyon aiki a ɗakin ɗaukar hoton ƙashi, nauyin rigar darmar da muke sawa kuwa ya ishe ni. Ko farobskait, wato rukunin sinadaran nan da ƙwayoyin zarrarsu ke jeruwa a tsari iri ɗaya, zai iya maye gurbinta?

Injiniya daga Idi-Araba: Wa alaikumus salam, ƙanena. Lambar sinadari, wato matsayinsa a jadawalin sinadarai, da nauyinsa su ne ke tare hasken. Lambar darma 82 ce, ta bariyom 56, saboda haka bariyom titanet, wani nau'in farobskait wanda nauyinsa ya ɗara rabin na darma da kaɗan, sai an ƙara masa kauri sosai kafin ya kamo ta, amma dai ba shi da gubarta.

Malama daga Obalende: Injiniya, ka manta da laimar Legas. Nau'in farobskait ɗin da aka haɗa da darma da aidin, idan ya sha danshi, daga baƙi yake komawa rawaya ya lalace.