Fenti na komawa ruwan ƙasa, ginin kwali na rushewa: ina mafita a ajin nazare?

Malamar_Nazare:
Assalamu alaikum malamai. Aji ne na yara 'yan shekara 3 zuwa 5, kuma babu kuɗin sayen kayan zane na kanti. Ana so su yi aikin haske da kala da gini da hannunsu, amma da zarar sun haɗa fenti sai komai ya koma ruwan ƙasa. Ledar kala in aka ɗora wata kan wata sai ta yi duhu, ginin kwali kuma ba ya tsayawa. Yaya ake yi?

Mai_Zane:
Wa alaikumus salam, Malama. Yawan kala ne ke jawo ruwan ƙasar nan. Kowane fenti yana shanye wani sashe na haske, to in ja da rawaya da shuɗi suka haɗu babu abin da zai saura sai launin taɓo. Ki ba su kala biyu kacal a rana: yau rawaya da shuɗi su ga kore, gobe rawaya da ja su ga ruwan lemo. A fara da mai haske, a riƙa ɗiga mai duhu kaɗan-kaɗan, domin ɗigon shuɗi ɗaya yana cinye cokalin rawaya. Kowane kofi da buroshinsa.

Fentin kuwa a gida ake yi. Cokali 4 na sitacin rogo, a dama da ruwan sanyi tukuna don kada ya yi gudaji, a cika ruwan ya kai kofi 2, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ya yi kaurin koko. In ya huce a raba, a ɗiga kalar kek. Ki yi na kwana biyu kawai, zafi na sa shi tsami.

Ki gwada ruwan zoɓo ma. In aka matsa lemon tsami ja zai ƙara fitowa, in aka ɗiga jiƙon kanwa sai ya juya shuɗi-shuɗi ko kore. Ruwan kurkum kuma daga rawaya yake komawa ja da kanwa. Kanwar a hannunki za ta zauna, saboda ido.

Malama_Kimiyya:
Duhun ledar ba kuskure ba ne, 'yar'uwa. Jar leda ja kawai take bari ya wuce, koriya kuma kore, to in an haɗa su kusan duk hasken ya tsaya. Ki haɗa rawaya da shuɗi mai haske, falle ɗaya-ɗaya.

Makarantun Reggio Emilia a Italiya, waɗanda Loris Malaguzzi ya jagoranta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sun yi suna da teburin haske, wato tebur mai fitila a ƙarƙashi da yara ke ɗora abubuwa a kai, amma robar ajiya mai murfi garai-garai ta wadatar a yi akwatin haske. A shimfiɗa takardar alminiyom a ciki, a sa fitilar caji biyu, a liƙa farar takarda mara kauri a ƙarƙashin murfin. Ba tare da takardar ba hasken zai taru wuri ɗaya ya riƙa kashe ido. Ban da kyandir da ƙwan fitila mai zafi, ban da kayan wasa masu ƙaramin batir irin na agogo, domin haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro.

Abin da ya fi burge yara shi ne tocila uku, an rufe bakinsu da leda ja, koriya da shuɗiya, a haska farin bango wuri guda. Wurin zai yi kusan fari, hannun yaro kuma ya yi inuwa kala-kala. Sai an rufe tagogi, kuma ƙarfin tocilan ya zama ɗaya.

Kafinta_Malami:
Kwali na faɗuwa ne saboda ba shi da nauyi kuma gefensa na lotsawa. A cusa tsohuwar jarida har ya cika, a rufe da salatif. Na ƙasa a sa masa ɗan yashi a ƙulle cikin leda biyu. A tara masu girma ɗaya da yawa, kamar kwalin ashana ko na sabulu. Tubalan katako na makarantu ma awon kaurinsu da faɗinsu da tsawonsu 1:2:4 ne, shi ya sa biyu ƙanana ke cike gurbin babba ɗaya. A nuna musu ɗora ɗaya a kan mahaɗar biyu yadda magina ke jera bulo, sannan a ƙyale su. Rushewar ma darasi ce.

A yanke taga a jikin babban kwali, a liƙa ledar kala, a kai shi rana da safe: kalar za ta faɗo a ƙasa cikin ginin. Yankan aikin babba ne.

Malamar_Nazare:
Allah ya saka da alheri. Murafan kwalba fa, za a iya ɗora su kan akwatin hasken?

Malama_Kimiyya:
Ga 'yan shekara 4 da 5, e, kina kusa. Ga masu kai abu baki kuwa, duk abin da ya shige ta cikin kwalin tsakiyar tishu a cire shi daga ajin.