Shin dokar 1978 ce ta raba talaka da gonarsa?

Malam Habu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya a wurin ɗaurin aure na ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ita ce silar raba talaka da gonarsa a Najeriya, aka yi mini caa. Har yanzu ina nan a kan bakana. Gwamnatin soja ta Obasanjo ce ta kafa ta a watan Maris na shekarar, kuma sashenta na farko ya tattara duk ƙasar jiha ya damƙa wa gwamna da sunan riƙon amana. Gonar da ka gada kaka da kakanni, izinin zama kawai kake da shi a kanta.

Barista Zainab: Wa'alaikumus salam. Malam, ka faɗi gaskiya game da sashen farko, amma a Arewa wannan tsari ya girmi dokar Obasanjo da kusan shekara 70. A 1908, zamanin Gwamna Girouard, wani kwamiti ya zauna a Landan kan ƙasar Arewa, daga nan aka yi dokar 1910 wadda ta sa ƙasa ƙarƙashin ikon gwamnan Turawa. A 1962 gwamnatin Sardauna ta yi tata dokar, ikon ya koma hannun minista. Ita sojoji suka ɗauko suka shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya. Mutanen Kudu ne abin ya zo wa a baƙo, domin su can fili na dangi ne da na gari.

Malam Habu: To ai kin ƙara mini hujja, Barista. Abin da Bature ya ƙirƙiro don amfanin kansa, me ya sa muka rungume shi bayan ya tafi?

Baba Alhaji: Ku dakata 'ya'yana, ni abin a jikina ya faru. Gonarmu ta bakin hanya, wadda mahaifinmu ya sare dajinta da hannunsa, wata safiya muka tarar an kafa duwatsun awo a cikinta, dawa ta fara bunni. Da masu biyan diyya suka zo, sai suka ƙirga mangwaro huɗu da ɗorawa biyu da rijiya, suka yi wa dawar kuɗi. Na ce ƙasar fa? Suka ce ƙasa ba tawa ba ce. An ce mana makaranta za a gina. Yau gidajen masu kuɗi ne a wurin, fuloti ɗaya ya ninka abin da aka ba mu gaba ɗaya.

Barista Zainab: Allah ya saka maka, Baba. Nan kam dokar tana da laifi, ba zan kare ta ba. Sashe na 28 ya ba gwamna damar soke izinin mutum saboda amfanin jama'a, na 29 kuma ya ce diyya ta abin da ke kan ƙasa ce, gini ko shuka. Sai dai karɓe gona da sunan makaranta a yanka wa attajirai, wannan dokar ma ba ta yarda da shi ba, kotu na iya rushe shi.

Baba Alhaji: 'Yata, wa ya san hanyar kotu a cikinmu a lokacin?

Malam Habu: Ku tuna Bakolori. A 1980 manoman yankin Talatar Mafara sun tare hanya suna neman diyyar gonakin da aikin madatsar ruwa ya cinye, aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane.

Barista Zainab: Allah ya jiƙansu. Amma Malam, an fara aikin madatsar tun kafin 1978. Abin da nake nuna maka ke nan: ciwon ya riga dokar zuwa. Kuma kada mu manta, kafin takarda ma akwai dagatai da hakimai da suka sayar da gonakin marayu da burtalin shanu.

Isa Maraɗi: Ranka ya daɗe Malam, mu a Nijar mun bi wata hanya. Dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar gargajiya, aka kafa kwamitocin ƙasa har matakin ƙauye, mai gari yana ciki, su ke ba da takardar shaidar gado ko saye ko jingina. Rikicin manoma da makiyaya bai ƙare ba, amma manomi yana samun takarda kusa da gida.

Malam Habu: Madalla, Isa. Mu kuwa ko jinginar da gidanka ga banki za ka yi sai da sa hannun gwamna, sashe na 22 ke nan, mutum ya yi ta sintiri a ma'aikatar ƙasa. Marigayi 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin Farfesa Mabogunje a 2009 don gyara, Allah bai nufa ba. Kuma sojoji sun ɗaure dokar a cikin tsarin mulki, yanzu tana sashe na 315 na kundin 1999. Taɓa ta sai majalisun jihohi 24 sun yarda. Wane gwamna zai bari a rage masa wannan iko?

Baba Alhaji: Barista, saura gona ɗaya ta fadama a hannunmu. Me zan yi kafin in bar wa yara?

Barista Zainab: In ba a ayyana wurin cikin birni ba, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya, Baba. A kira mai awo, maƙwabtan iyaka da mai unguwa su shaida. Ba zai hana gwamnati karɓa ba, amma sunanka ne zai fito ranar biyan diyya. Ka turo yaronka Sani ofishina ranar Litinin da takardar rabon gado.