Ku taimaka: na ƙara alif, ruwan ya ƙi kwantawa

Ɗalibar kimiyya, Yamai: Assalamu alaikum. Wallahi hankalina a tashe yake. Baba raguna ya saida don in gama karatun nan, ƙannena duk ni suke kallo, ga ranar kare kundina ta matso. Aikina kan tace ruwan gulbi ne, jan ruwan nan na damina da gulbin Sirba ke kawowa. Na sa alif kaɗan, laka ta kwanta. Na ƙara sosai don ya yi garau, sai ya koma kamar kunu. Malamina ya ce in sake kawai. Mi zan yi?

Kawu Injiniya: Ɗiyata, kin cika hannu ne. Ƙwayoyin yumɓu caji negatif gare su, suna ture juna, shi ya hana su haɗuwa su yi nauyi. Aluminiyam na alif caji uku pozitif gare shi, yana kashe wancan cajin, sai su dunƙule su nutse. In ya yi yawa, cajin ya juye pozitif, su koma ture juna. Auna zeta, wato ƙarfin cajin da ke jikin ƙwayoyin. Muddin ya wuce milibolt 30, negatif ko pozitif, ba za su kwanta ba.

Malam na Tawa: Kawu, ka yi haƙuri, ni pH nake zargi, wato ma'aunin tsamin ruwa. Alif yana ƙara wa ruwa tsami, kuma wajen 6 zuwa 7 ya fi aiki. Ƙanwata, nawa kika samu?

Maman tagwaye: Ku bar wahala. Daka ƙwallon zogala ki zuba, haka iyayenmu suka yi. Mu nan unguwarmu sai tsakar dare pampo ke kawo ruwa, ga takardar biya ba ta fashi.

Ɗalibar kimiyya: Kawu, ban cika hannu ba, da sikeli na auna. Na'urar zeta kuma ba mu da ita. Mama, kan alif aka amince mini, ba zogala ba.

Kawu Injiniya: Sikeli ba ya faɗa miki abin da ruwan ke buƙata. Jera kwalabe shida, alif daga kaɗan zuwa da yawa, ki gauraya da sauri, sannan a hankali. Maganar pH ta biyo baya.

Tsohon ɗalibi: Haka malaman nan suke. Ni nawa kundin a aljihun tebur ya shekara.

Malam na Tawa: Har yanzu ba ki faɗi pH ɗin ba.

Ɗalibar kimiyya: Kwalabe shida a wane lokaci? Ruwan da na ɗebo ma ya kusa ƙarewa.