Kansar Hajiya ta hau ƙwaƙwalwa, likita ya ce aiki

Autar Hajiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hoton MRI ya fito, kansar nonon Hajiya ce ta hau ƙwaƙwalwa. Ƙari ɗaya ne, santimita 3 da rabi, ta gefen dama. Likita ya ce aiki za a yi, Yaya kuma ya ƙi sa hannu, wai gashi kawai, wato a ƙona ƙarin da hasken na'ura (radiotherapy). Don Allah a ba mu shawara.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Kawu: Amin. Tana takawa da ƙafarta? Tana gane mutane?

Autar Hajiya: Tana yi Kawu. Hannun hagu ne ya yi sanyi, ga ciwon kai da asuba har da amai.

Anti Nas: Abin da Kawu ya tambaya shi likitoci ke fara dubawa. In ƙarin guda ne, ya haura santimita 3, yana inda za a iya kai masa, mai jinya kuma da ƙarfinta, aiki ake zaɓa, don shi ke sauke matsin nan take. Gashin da ake saitawa kan ƙarin kaɗai, irin Gamma Knife, ƙanana ya fi kamawa. Ki tambaya ko an duba huhu da hanta da ƙashi, don in ta bazu ko'ina lissafin ya canja.

Baban Yara: Auta, ki saurare ni da kyau. Mahaifinmu ta huhu ce ta hau masa. Aka yi aiki lafiya lau, ya farka yana magana, likita ya ce an cire duka, muka yi ta murna. Ba wanda ya zaunar da mu ya ce wurin da aka cire ɗin sai an bi shi da gashi cikin makonni kaɗan. Mai tiyata ya sallame mu, likitan kansar bai ma san an sallame mu ba, kowa na ganin ɗayan ya yi mana bayani. Da muka koma da jijjiga, ƙarin ya dawo daidai gurbinsa. Ga kuma dexamethasone da aka ba shi na kumburi, suga ya hau, barci ya ƙaurace, ƙanwata ta tsayar da maganin rana ɗaya saboda tausayi, ya kusa tafiya a hannunmu. A hankali ake rage shi, da umarnin likita. Ni ban ce kada a yi aiki ba. Amma kafin Yayanki ya sa hannu, a gaya muku wa zai yi gashin, yaushe, kuma na gurbin ne kaɗai ko na kai gaba ɗaya, don na gaba ɗayan ya fi jawo mantuwa.

Alhaji Ƙarami: Ni dai na sha ji kansa ba ta son ƙarfe, ana taɓa ta take bazuwa.

Anti Nas: Haba Alhaji, ai ta riga ta bazu, ta jini ta bi. Tun 1990 likita Patchell ya gwada a Amurka: masu ƙari ɗaya da aka yi wa aiki da gashi sun rayu kimanin makonni 40 a tsaka-tsaki, masu gashi kaɗai 15. Magunguna ma sun ci gaba tun lokacin.

Alhaji Ƙarami: To likita bokan Turai, na yi shiru.

Kawu: Shirun naka ba ya wuce minti biyar.

Alhaji Ƙarami: Kai da ke turo saƙon murya mai tsawon huɗuba?

Maman 'Yan Biyu: Ku ji tsoron Allah, yarinya na cikin damuwa. Auta, Hajiya na shan aspirin ko maganin tsinka jini? A faɗa wa likita tun yanzu.

Autar Hajiya: Tana shan aspirin Mama, ban ma kawo shi a rai ba. Na gode.

Baban Yara: A kuma tambayi ita Hajiyar abin da take so, tunda tana cikin hayyacinta. Mu ba mu tambayi namu ba.

Kawu: Wa ya cire ni daga masu kula da zauren nan?

Anti Nas: Auta, saka Yayan naki a zauren, ko ki tura masa abin da Baban Yara ya rubuta.