Neman shawara: an ɗora ni kan Power BI na wurin aikinmu, kowa da irin buƙatarshi

Ɗan Ƙofar Doka:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu harkar data ku taimaka mani da shawara. Ina aiki a wani kamfanin sai da taki da iri da maganin feshi a nan Zariya, muna da shaguna a Sabon Gari, Samaru, Giwa da Soba, tun bayan sallah aka ce ni ne admin na Power BI ɗinmu, wato manhajar da ke tattara datarmu ta fitar mana da rahoto. To mutanen da nake ma hidimar kowa da halinshi. Alhaji mai wurin ba ruwanshi da zane-zane, da sassafe zai kira ya ce buhun yuriya nawa ya fita jiya, shikenan. Anti mai kula da asusu komai sai ta sauke a Excel kafin hankalinta ya kwanta. Manajojin shaguna a waya suke buɗewa ga sabis wani lokaci sai a hankali, sannan ga wani yaro mai bautar ƙasa, ya iya aikin gaskiya, kullum so yake in buɗe mashi komai. Da kiran ya yi yawa sai na ba kowa matsayin memba, satin da ya wuce manajan wani shago ya ga cinikin shagon wani manajan har da sunayen manoman da suka ci bashi a can, magana ta kai gaban Alhaji, wallahi har yau raina bai yi daɗi ba don amanar mutane ce. Kuma na sa RLS fa, wato tsarin da ke taƙaita ma kowa abin da zai gani a cikin data. Ga damina ta ƙarato, ya zan yi?

Injiniya na Kongo:
Wa alaikumus salam. Malam ai ka faɗi ciwon da bakinka. Matsayi 4 ne a ɗakin aiki na Power BI, wato wurin da kuke ajiye rahotanninku: admin, memba, mai ba da gudummawa, sai mai kallo. RLS ɗin nan da ke sa kowa ya ga layin da ya shafe shi kaɗai, a kan mai kallo kawai yake aiki, sauran ukun tunda suna da ikon gyara to komai a buɗe yake gare su. Yau ɗin nan ka mai da manajojin duka masu kallo, ka ɗaura imel ɗin kowa da shagonshi, sannan ka gwada da kanka, akwai wurin da za ka duba rahoton kamar kai ne manajan Soba kafin ka sake mashi.

Maman Ummi:
Ƙanina ni a ɓangaren lafiya nake, DHIS2 muke amfani da shi, wato manhajar tattara bayanan asibitoci, can ma haka tsarin yake, ma'aikacin asibiti ɗaya wurinshi kawai ake buɗe mashi, na ƙaramar hukuma ya ga nashi yankin, na jiha ya ga duka. Amma abin da zan ce maka kan Alhaji, kar ka matsa mashi sai ya koyi dashbod, dattijo ne kuma hankalinshi na kan kasuwa. Yi mashi shafi ɗaya tak, lambobi uku ko huɗu manya-manya, cinikin jiya, abin da ya rage a sito, bashin da ke waje. Ka sa ya riƙa zuwa mashi ta imel kullum da safe, in ma ba ya duba imel ka ɗauki hoton ka tura mashi a WhatsApp kafin ya kira. Ita Anti kuma ka zauna kusa da ita rana ɗaya ka ga me take yi da Excel ɗin in ta sauke, ni da na yi haka da wata abokiyar aikina ashe lissafi ɗaya ne take maimaitawa duk wata, muka saka mata shi a rahoton, ta daina wahala.

Abban Sadik:
Yaron nan mai bautar ƙasa kar ka kashe mashi gwiwa, buɗe mashi ɗakin gwaji daban ya yi ta gine-ginenshi da kwafin data, abin da ya yi kyau kai za ka ɗauko ka kai wurin jama'a. Kuma ka tuna shekara ɗaya zai yi, ranar da ya gama ka rufe akawun ɗinshi. Sai maɓallin wallafa rahoto a intanet, kashe shi gaba ɗaya, duk wanda ya samu link ɗin zai gani ba tare da faswod ba.

Ɗan Ƙofar Doka:
Allah ya saka da alheri, na mai da su masu kallo yanzu na gwada, Giwa kawai na Giwa ke gani alhamdulillah. Saura ɗaya, wani lokaci lambobin ba sa sabuntuwa sai su ce mani rahoto ya lalace.

Injiniya na Kongo:
In datar tana kan kwamfutar ofis ne to ta getwe take bi, wato manhajar da ke haɗa kwamfutar ofis da Power BI na intanet, kwamfutar da getwe ɗin ke kai kuwa dole ta zama a kunne da intanet, ana ɗauke wuta sabuntawar ta faɗi. Ka ɗora ta kan inbata ko sola. Lasisin Pro na Power BI sau 8 yake ba ka damar jera sabuntawa a rana, ka jera su a lokutan da kuka fi samun wuta, kuma ka rubuta lokacin sabuntawa na ƙarshe a saman shafin, manaja na buɗewa zai ga ko na jiya ne yake kallo ko na yau.